Zaɓen Makarantar Sakandare Mai Zaman Kanta Bayan Jarrabawa da Ganawa

A watannin da ke gabanin sabuwar shekarar karatu ta Satumba, makarantun sakandare masu zaman kansu a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Abuja da sauran manyan garuruwan Arewa sukan shirya jarrabawar ɗaukar sababbin ɗalibai. Yaron da ke ajin ƙarshe na firamare yakan zauna jarrabawa a makaranta biyu ko uku, wani lokaci har da ta shiga kwalejojin tarayya wadda hukumar NECO ke shiryawa. Wanda ya yi nasara sai a kira shi ganawa, wato intabiyu, sau da yawa tare da iyayensa. Bayan 'yan kwanaki takardun gurbi su fara isowa gida, kowace da wa'adin biyan kuɗinta. A wannan gaɓar ce magidanci ke tsayawa da takarda biyu ko uku a hannu, tilas ya ɗauki ɗaya ya bar sauran. Wadda ya ɗauka kuwa ita za ta riƙe masa yaro shekara shida, daga ƙuruciya har balaga.

Tarihin yadda aka zo nan ba mai tsawo ba ne. Manyan makarantun da suka yaye shugabannin Arewa na farko na gwamnati ne, irin su Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, da Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Waɗanda ba na gwamnati ba a wancan zamani akasarinsu na mishan ne, kuma a shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe da yawa daga cikinsu. St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta Zariya ta zama Kufena. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, sa'annan matsin tattalin arzikin shekarun 1980 ya biyo baya. Cunkoso da yajin aikin malamai da ƙarancin kayan aiki suka sa iyaye masu ɗan hali neman mafita, makarantun kuɗi suka yawaita. Yau akwai su iri-iri, daga wadda aka buɗe a gidan haya mai ɗaki shida a lungun unguwa, zuwa mai katafaren fili a bayan gari da motocin ɗaukar yara. Suna ɗaya ake kiran su da shi, amma ba abu ɗaya ba ne.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne ma'anar takardar gurbin kanta. Jarrabawar shiga galibi ba ta wuce Lissafi da Turanci da tambayoyin gwajin basira, a makarantun da ke haɗa boko da addini kuma a ƙara karatun Alƙur'ani da ɗan Larabci. A wajen ganawa akan ba yaro rubutu ya karanta da ƙarfi, a tambaye shi abin da yake so ya zama, a duba nutsuwarsa, sa'annan a juyo kan iyaye a tambayi sana'arsu. Duk wannan awon yaro ne da gidansu. A makarantar da masu nema suka fi gurbi yawa, jarrabawar tacewa ce ta gaskiya. A wasu kuwa kusan duk wanda ya sayi fom zai ci, domin makarantar kujerunta take so ta cika. Saboda haka cewa yaro ya ci makaranta kaza abin farin ciki ne, amma ba shaida ba ce a kan ingancin makarantar. Ita ta gama nata binciken. Saura na iyaye, kuma lokacinsa shi ne 'yan makonnin da ke tsakanin fitowar sakamako da ranar rufe biyan kuɗi. Mai lura ma tun ranar ganawar ya fara nasa: ya ga yadda ma'aikata ke yi wa yara magana, ya ga ko an bar su cikin rana suna jira, ya ji ko tambayoyin sun fi karkata kan yaron ko kan aljihun ubansa.

Binciken yana farawa da takardun izini. Gwamnatin jiha ce ke ba makarantar sakandare mai zaman kanta izinin aiki. A Kano akwai hukumar kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, a Kaduna akwai hukumar tabbatar da ingancin makarantu, a Abuja kuma sashen ilimi na Babban Birnin Tarayya. Ba rashin ladabi ba ne uba ya ce a nuna masa takardar, kuma ya karanta ta da kyau, domin izinin firamare daban yake da na sakandare. Akwai makarantar da ta fara da nazare da firamare, da ɗalibanta suka girma sai ta buɗe aji ɗaya na sakandare a ɗakin da ke gefe ba tare da ta koma hukuma ba. Tambaya ta biyu ita ce ko makarantar tana da lambar cibiya ta WAEC da ta NECO. Wadda ba ta da ita, in lokacin jarrabawar fita ya zo, sai ta kwashi yaranta ta yi musu rajista a wata makarantar, su zauna a wurin da ba su sani ba, takardar sakamako ta fito da sunan makarantar da ba su taɓa karatu a cikinta ba. Mutanen Kano ba su manta da watan Janairun 2022 ba, lokacin da aka gano gawar wata yarinya 'yar shekara biyar wadda mai makarantarsu ya sace ya kashe, har gwamnatin jihar ta janye takardun izinin makarantu masu zaman kansu domin sake tantance su. Tun daga ranar, tambayar wane ne mai makarantar nan, kuma wa ya san shi, ta zama tambayar da babu uban da zai ji kunyar yin ta.

Daga nan sai kuɗi, kuma nan ne gidaje da yawa ke tuntuɓe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi kuɗin zangon farko kaɗai, a ga za a iya haɗa shi ko da da rance ko adashi, a ce Allah zai kawo na gaba. Allah shi ke kawowa, amma shi ne kuma ya hore wa mutum hankalin lissafi. Sakandare shekara shida ce, kowace shekara zango uku, zango 18 ke nan. A ɗauka, don misali kawai, makaranta tana karɓar naira 200,000 a zango. Kafin yaro ya fita an biya naira miliyan 3 da dubu 600, in har ba a ƙara ko kwabo ba. Kuma za a ƙara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuɗin dizal da na abinci da na takarda suka tashi, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, makarantu kuwa suka ɗora nauyin a kan iyaye, domin ba su da wata hanyar samu. Bayan kuɗin makaranta akwai na yunifom da kayan wasanni, waɗanda wasu makarantu ke tilasta a saya a wurinsu, da na littattafai, da na mota, da na lesin, da na ƙungiyar iyaye da malamai, da na bikin yaye ɗalibai, sa'annan a aji uku na ƙaramar sakandare da aji uku na babba a zo da kuɗin rajistar jarrabawa. Uba yana da haƙƙin ya nemi a rubuta masa waɗannan duka a takarda ɗaya. Yana da kyau kuma ya tambayi abin da aka biya shekara uku da suka wuce, don ya ga saurin da kuɗin ke tashi.

A lissafin nan dole a sa ƙannen yaron. Gidan da ke da yara huɗu a jere, in aka kai na fari inda ya cinye rabin abin da ake samu, me za a ce wa na biyu in lokacinsa ya zo? Fifiko irin wannan yana barin tabo a zukatan 'yan'uwa, musamman a gidan da ke da mace fiye da ɗaya, kuma sau da yawa 'ya mace ce ake cewa ta yi haƙuri. Sa'annan a tuna da abin da ke faruwa in kuɗi ya gagara. Yaro yakan tsaya a bakin ƙofa a koro shi gida a gaban abokansa, a hana shi zana jarrabawar ƙarshen zango, a riƙe sakamakonsa. Daga ƙarshe a cire shi a tsakiyar hanya a kai shi wata makarantar, inda littattafai daban, malamai daban, abokai daban. Hukumar WAEC kuma tana neman makin gwaje-gwajen cikin aji na shekarun babbar sakandare, don haka sauyin makaranta a ƙarshen tafiya yana da nasa rikicin. Makarantar da ta dace ita ce wadda gida zai iya biya a shekarar da kasuwa ta yi kyau da shekarar da ba ta yi ba. Matsakaiciyar makarantar da yaro ya shiga ya fita lafiya ta fi masa babbar da aka cire shi daga cikinta a aji huɗu.

Bayan an ware waɗanda aljihu zai iya ɗauka, abin da ya fi komai nauyi wajen bambance su shi ne malamai. Gini yana ɗaukar ido, fenti da fanka da tayil suna sa mutum ya ji ya zo wuri. To amma yaro ba daga bango zai koyi lissafi ba. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, kuma akwai majalisar rajistar malamai ta TRCN wadda aka kafa da doka tun 1993. Darussan babbar sakandare irin su Fiziks da Kemistiri da Lissafi suna buƙatar wanda ya karance su har digiri. Sai dai tambayar da ta fi tona gaskiya ita ce ta daɗewa. Shekara nawa malamin Lissafi ya yi a nan? Na Turanci fa? Makarantu masu zaman kansu da yawa, musamman ƙanana, suna biyan albashin da bai kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda doka ta mayar naira 70,000 a 2024. Malamin da ake biya haka yana koyarwa ne idonsa na kan hanya, da ya samu wani aikin zai tafi, kuma ba za a ga laifinsa ba. Abin da ke biyo baya shi ne aji ɗaya ya ga malaman Lissafi uku a shekara guda, kowanne ya fara daga inda ya ga dama. Haka nan makarantar da ta jingina manyan darussa ga 'yan hidimar ƙasa, komai ƙoƙarinsu shekara ɗaya za su yi su wuce. Inda aka ga malami ya shekara bakwai ko goma, akwai alamar ana biyan sa a kan lokaci ana kuma ganin mutuncinsa, wanda ake ganin mutuncinsa kuwa shi ke ganin na yara.

Waɗannan abubuwa ba a ofishin shugaban makaranta ake sanin su ba, domin gani ya kori ji. Ranar jarrabawa da ranar ganawa ranaku ne na kwalliya. Ziyarar da ke da amfani ita ce ta ranar Talata ko Laraba da hantsi, ana tsakiyar karatu. A leƙa aji a ƙirga kawuna, a tuna cewa manufar ilimi ta ƙasa ba ta so ajin sakandare ya wuce ɗalibi 40 ga malami ɗaya. A nemi izini a buɗe littafin rubutun wani ɗalibi, a ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi, a ga kuma ko malamin gyara yake yi ko sa hannu kawai. A shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, domin jarrabawar fita tana da ɓangaren aiki da hannu a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma ƙurar da ke kan kwalabe za ta faɗi ko ana shiga ɗakin. A duba kwamfutoci a ga nawa ke tashi, tunda jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta tun 2015. A ƙarshe a leƙa banɗaki, a ga ko akwai ruwa, a ga ko na mata a keɓe yake da ƙofa mai rufuwa. Yarinyar da ta fara al'ada, in babu ruwa da sirri a makaranta, kwanakin nan a gida za ta riƙa yin su kowane wata.

Sai batun sakamako, wanda shi ne abin da makarantu suka fi tallatawa. Ƙa'idar shiga jami'a a Nijeriya ita ce kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, har da Turanci, a yawancin fannoni kuma har da Lissafi. Allunan talla a bakin titi sukan ce ɗalibanmu sun ci ɗari bisa ɗari. Wannan lamba tana buƙatar tambayoyi. Yara nawa suka shiga aji ɗaya shekara shida da suka wuce, nawa daga cikinsu suka kai ranar jarrabawa? Akwai makarantun da ke tace masu rauni tun a aji biyar, su ce wa iyaye su nema musu wani wurin, don kada su ɓata lissafi. Irin wannan makaranta ba ta ɗaga mai rauni, ajiye shi take yi, kuma babu uban da ya san ko nasa ɗan ne zai yi rauni a shekarar. Akwai kuma mafi muni, wato makarantun da ajinsu na ƙarshe ke kumbura da baƙin fuskoki gab da rajista, ana karɓar wani kuɗi na musamman da sunan taimako, ranar jarrabawa a rubuta amsa a allo. Hukumomin jarrabawa sukan riƙe sakamakon irin waɗannan cibiyoyi, wani lokaci su soke rajistarsu, kuma in aka riƙe har da na yaron da ya yi karatunsa tsakani da Allah. Ko ba a kama ba, asarar ta riga ta auku. Yaro ya fito da takardar da ba ta yi kama da abin da ke kansa ba, ya je jami'a ya kasa, sa'annan ya koyi cewa manyan da ke yi masa wa'azin gaskiya su ne suka shirya masa maguɗi. Hanya mai sauƙi ta gane gaskiyar sakamako ita ce a gwama shi da makin JAMB na ɗaliban makarantar. In WAEC duk A ce da B, amma JAMB mai maki 400 da ƙyar suke haura 150, akwai abin dubawa. Iyayen tsofaffin ɗalibai su ne suka fi kowa sanin wannan, kuma ba wuyar samu suke yi ba, a masallaci ko coci ko wajen biki.

Manhaja ma abin tsayawa ce. Iyaye da yawa a Arewa suna neman makarantar da ta haɗa boko da Islamiyya da haddar Alƙur'ani, kuma buri ne mai kyau ƙwarai. Abin tambaya shi ne yadda aka raba sa'o'in yini. Hadda tana son lokaci da maimaici da malami mahaddaci mai haƙuri, kimiyya ma tana son nata lokacin. Makarantar da ta yi alkawarin izu sittin da A a kowane darasi, ba tare da ta nuna jadawalin da zai ɗauke su ba, mai yiwuwa ɗaya zai danne ɗaya, ko yaron ya gaji da duka biyun. Ga wanda ke son ɗansa ya bi layin Larabci da Shari'a, sai ya tambayi ko makarantar tana yin jarrabawar hukumar NBAIS. A ɗaya gefen akwai masu tallar manhajar Ingila da jarrabawar IGCSE ta Cambridge. Tana da amfani ga wanda ya shirya tura ɗansa karatu waje, amma kuɗinta yana bin canjin kuɗin waje, kuma wanda ɗansa zai shiga Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo, WAEC ko NECO da JAMB sun ishe shi. Akwai kuma wani abu da ake wucewa ba a tambaya: matsayin harshen gida. Har yanzu akwai makarantun da ke cin tarar yaro ko su hukunta shi don ya yi Hausa. Iya Turanci wajibi ne ga mai neman ilimin zamani a ƙasar nan, amma ba sai an sa yaro jin kunyar harshen uwarsa zai iya shi ba. Hausa darasi ne a WAEC da NECO, ana kuma karanta ta har digirin digirgir a jami'o'in da aka ambata.

Zaɓi tsakanin kwana da jeka-ka-dawo ya sauya kama a shekarun nan. A da, makarantar kwana ita ce abin alfahari, can ake koyon dogaro da kai, a ci gabza tare, a ƙulla zumuncin da ke kaiwa har tsufa. Amfaninta yana nan, musamman ga yaron da gidansu babu wurin karatu da dare. Sai dai an ga hare-haren da aka kai wa makarantu a Buni Yadi da Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Kagara da Jangebe da Birnin Yauri a 2021. Makarantu masu zaman kansu ma ba su tsira ba, domin a watan Yulin 2021 an kwashi ɗalibai fiye da ɗari daga makarantar Bethel Baptist da ke wajen garin Kaduna. Don haka fili mai faɗi a bayan gari, wanda a da ake yaba shi saboda iska da shiru, yanzu sai an tambayi nisansa da jami'an tsaro, da tsawon katangarsa, da yawan masu gadin dare, da ko waya tana shiga wurin. A cikin katangar ma akwai abin dubawa. Wane babba ne ke kwana kusa da yara? A ɗakin 'yan mata mace ce ke kula da su? Me ake yi wa siniyan da ya ci zalin ƙarami, kuma ta wace hanya ƙaramin zai kai ƙara ba tare da an rama a kansa ba? Makarantar da ta ce ita ba a taɓa cin zali a cikinta ba, ko dai ba ta sa ido, ko ba ta son faɗa. Wadda ta bayyana matakin da take ɗauka in ya faru ta fi cancanta a amince mata. Ga lafiya kuma: cunkoson ɗakin kwana a lokacin zafi shi ne abin da sanƙarau ke so, mashaƙo ma ya yi ɓarna a Kano a 2023. Sai a ga ɗakin shan magani, a san ko akwai nas da ke kwana, a san asibitin da ake kai yaro da tsakar dare da motar da za ta kai shi.

Jeka-ka-dawo nata nauyin a hanya yake. Yaron da zai tashi tun asuba ya ratsa gari a mota ko a Adaidaita Sahu, ya dawo gab da magariba, ya rasa lokacin Islamiyya da na hutu da na bita, kuɗin motar kuma wani kuɗin makarantar ne na biyu. Makaranta mai kyau a kusa ta fi wadda ta ɗan ɗara ta a nesa. Ko kwana ko jeka-ka-dawo, a ɗaga kai a dubi ginin. A watan Yulin 2024 benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Gidan zama da aka ɗora wa hawa don a ƙara azuzuwa, da tsagar bango, da matattakala ɗaya tak ga ɗaruruwan yara, duk ido yana iya ganin su.

Duk abin da aka lissafa game da makarantar ne. Saura yaron, wanda shi zai zauna a ciki. Yara ba ɗaya ba ne ko da ciki ɗaya suka fito. Akwai wanda gasa ke ƙara masa kuzari, akwai wanda in ya ga kansa a ƙarshen aji zango biyu a jere zai yanke ƙauna da karatu. Yaron da ya ci babbar makaranta da ƙyar, bayan wata shida ana yi masa lesin dare da rana, wataƙila ya fi bunƙasa a inda malami zai san sunansa ya lura da shi. Shekaru ma abin lura ne. Ya zama ruwan dare a ciro yaro daga aji biyar, har ma aji huɗu na firamare, a kai shi sakandare don ya ci jarrabawa. Cin jarrabawa daban, iya wanke kaya da tsare kai a ɗakin kwana daban. Kuma gaggawar ba ta kai shi ko'ina, tunda shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, wanda ya gama yana ɗan 14 zaman jira zai yi. Ya kamata a zaunar da yaro a ji ta bakinsa, a tambaye shi inda ya fi sakin jiki ranar ganawa da dalilinsa. Hukunci na iyaye ne, domin ɗan shekara goma sha ɗaya yana iya zaɓar makaranta saboda filin ƙwallo ko don abokinsa can za shi, amma tsoron da ya nuna game da wani wuri ba abin yi wa dariya ba ne. Uwa kuwa ita ta fi kowa sanin ko yana fitsarin kwance, ko yana da asma ko sikila, ko yana ɓoye damuwa, saboda haka shawarar da aka yanke ba da ita ba ta rasa rabin bayaninta.

Akwai wani ma'auni da ba a faɗa da baki amma yana juya zukata, wato ganin ido. Maƙwabci ya kai nasa wuri kaza, abokin aiki ya kai nasa wuri kaza, sai mutum ya ji in bai yi haka ba ya gaza. Wannan ya jefa gidaje cikin bashi, ya kuma jefa yara cikin ajin da kowa ke zuwa da abin da su ba su da shi. Ba ƙasƙanci ba ne a saka makarantar gwamnati cikin jerin da ake aunawa. Kwalejojin tarayya, waɗanda suka haura ɗari a faɗin ƙasa, da makarantun kimiyya na jiha irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka kafa a Kano a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, kuma akwai makarantun kuɗi da dama da ba su kama ƙafarsu ba. Biyan kuɗi shi kaɗai ba ya sayen inganci.

Wa'adin biyan kuɗin karɓar gurbi yakan zo da matsi, kuma galibi ba a mayar da shi. Wasu makarantun suna gajarta wa'adin ne don kada uba ya jira sakamakon wata. Babu laifi a nemi ƙarin kwanaki, yadda aka amsa roƙon ma wani bayani ne game da halin makarantar. Kafin a biya, a karanta dokokinta, a san sharuɗɗan kora, da na biya kashi-kashi, da abin da za a yi in aka cire yaro a tsakiyar zango, a kuma karɓi rasit a kan kowane kuɗi. In an shiga aka ga ba haka aka zata ba, gaɓar da ta fi sauƙin sauyi ita ce ƙarshen aji uku, bayan jarrabawar kammala ƙaramar sakandare.

Wannan bincike duka ya yi wa uba ɗaya ko uwa ɗaya yawa, balle waɗanda ba su yi boko ba amma suke son 'ya'yansu su yi. Hukumomin jihohi suna da masu duba makarantu, suna kuma karɓar kuɗin rajista da na sabuntawa daga hannun masu makarantun. Haƙƙin jama'a ne a kansu su riƙa fitar da sunayen makarantun da ke da izini da waɗanda aka rufe, kowace shekara kafin a fara sayar da fom, a liƙa a ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi, a kuma karanta a gidajen rediyo da Hausa. Ƙungiyar masu makarantu ta NAPPS ita ma ya kamata ta sa 'ya'yanta su riƙa ba iyaye cikakken jerin kuɗaɗe a rubuce tun ranar sayen fom. Kafin a kai ga haka, iyayen da ke riƙe da takardun gurbi a wannan lokaci su taka da ƙafarsu su je makarantun a ranar karatu, kafin su biya.